Kuɗin Cikin Waya Da Haƙƙoƙin Da Ke Rataye Da Shi



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, tambayoyin da suka fi zuwa mini a 'yan watannin nan, a akwatin saƙo da kuma bayan karatun Magariba, kusan duk a kan kuɗin waya suke. Wannan ya ce cajin mai POS riba ne ko ba riba ba ne. Wancan ya ce kuɗi sun shigo masa bai san mai su ba. Wata baiwar Allah ta ce mijinta ya rasu, ƙaninsa ya ɗauke wayar. Na ga gara in tattara amsar wuri ɗaya, domin mas'alolin duka saiwarsu guda ce.

Mu fara tuna yadda aka yi muka zo nan. Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin rage hulɗa da tsabar kuɗi tun 2012 a Legas, mu nan ƙasar Daura labari kawai muke ji a rediyo. Aka kawo BVN a 2014. Aka ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021, har yau dai ban haɗu da mai kayan miyan da ya ce in biya shi da ita ba. Abin da ya koya mana taransifa dole shi ne canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba, 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar za a sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Shugaban ƙasa na wancan lokaci, ɗan garin nan, Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya ƙaddamar da sababbin a watan Nuwamba. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbin ba su fito ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da yawo. Ba siyasa na zo yi ba, kowa ya san abin da ya gani a layin ATM a wannan lokaci. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, tsakanin Janairu da Maris ɗin nan mai shayi da mai tsire da mai faci duk suka rubuta lambar asusu a jikin kwali suka rataya, kuma da kuɗi suka dawo ba su sauke kwalin ba. OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu, inda banki bai taɓa tunanin buɗe reshe ba. Hukumar NIBSS, wadda taransifar bankuna ke bi ta hannunta, ta ce a 2023 kaɗai kuɗin da aka tura ta wannan hanya sun kai kimanin naira tiriliyan 600.

Ni ba na cikin masu ƙyamar wannan abu. Asali a mu'amala halacci ne har sai dalili ya hana. Kuma tura kuɗi ba tare da ɗaukarsu ba, magabata sun san shi, suna ce masa suftaja. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu yakan karɓi dirhamomin mutane a Makka, ya rubuta musu takarda zuwa ga ɗan'uwansa Mus'abu a Iraƙi, su karɓa a can. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kanta, amma suka yi togaciya da lokacin da tsoro ya game hanyoyi. To wanda ya san halin da hanyoyin yammacin jihar nan suka shiga, wajen Jibiya da Batsari da Safana, ba sai an yi masa dogon sharhi a kan wannan togaciya ba. Falke ya je kasuwa da waya a aljihu maimakon buhun kuɗi, wannan ni'ima ce, mu gode wa Allah.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa. Wannan lamba da kake gani a fuskar waya, dubu ɗari uku da hamsin, ina kuɗin suke? Ba sa cikin wayar. Da suna ciki, da ranar da ta faɗa rijiya sun tafi. Suna hannun kamfanin, yana juya su, ya kuma lamunce maka cewa duk sa'ar da ka nema zai ba ka kwatankwacinsu. Abin da aka ba mutum ya yi amfani da shi, ya mayar da kwatankwacinsa ko da ya salwanta a hannunsa, sunansa a fiƙihu ƙardu, wato rance. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar game da asusun banki a zamanta na Abu Dhabi a 1995. Saboda haka kai ne mai bin bashi, kamfani ne wanda ake bi. Ku riƙe wannan, sauran maganar a kansa za ta hau.

Abu na farko da ya fito daga nan: duk ƙarin da wanda kake bi bashi ya sharɗanta zai ba ka saboda ka bar kuɗinka a wurinsa, riba ce. Manhajojin nan da yawa suna da wani sashe na ajiya, an ba shi suna mai daɗi, an rubuta kashi kaza a shekara, kullum da safe ka ga an ɗiga maka naira arba'in ko saba'in. Ƙanƙantarsa ce take sa mutane sakaci. Mutumin da ya ƙi asusun ajiya na banki shekara ashirin don gudun kuɗin ruwa, yau yaronsa ya danna masa wani maɓalli, yana karɓar kuɗin ruwa kowace safiya bai sani ba. Ku buɗe wayoyinku yau ku duba. Wanda ya samu yana ciki ya fitar da kuɗinsa ya kashe sashen, ya lissafa abin da ya taru ya fitar da shi ga mabuƙata ko wani aikin al'umma da niyyar rabuwa da shi, kada ya ci, kada ya sa a cikin zakkarsa. Ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, ya isa tsoratarwa ga mai zuciya. Mai son kuɗinsa su haihu ya nemi hanyar da ake raba riba da asara. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ tun 2019, wasu ma sun biyo baya. Amma ɗan ragin da ake mayar maka idan ka sayi kati ko data, wannan rangwame ne a kan ciniki, ban ga laifinsa ba.

Sai maganar masu POS, wadda aka fi tambaya. Surar ita ce ka tura masa dubu goma da ɗari biyu, ya miƙo maka dubu goma. Malaman da suka hana sun ce naira ce aka musanya da naira da fifiko, kuma hadisin Ubadatu ɗan Samit a Sahihu Muslim ya shar'anta daidaito da hannu da hannu idan jinsi ɗaya ne. Waɗanda suka halatta sun ce ɗari biyun nan ladan aiki ne: mutumin wakilin banki ne, ya kama shago, ya sayi na'ura, ya je ya bi layi ya ɗauko kuɗi, ya ɗauki kasadar ɓarayi, kamfani kuma yana cire nasa a jikinsa. Ni ina tare da masu halattawa, ba na kuma ganin wanda ya yi tsantseni ya ƙi a matsayin mai tsanani. Amma halaccin yana da iyaka, kuma a nan ne mutane suke zamewa.

Ladan aiki ana saninsa kafin a fara aikin, kuma yana tafiya da wahalar aikin. Lokacin ƙarancin kuɗi mun ga inda aka karɓi dubu biyu har uku a kan dubu goma. Aikin bai ƙaru ninki goma ba, takardar naira ce aka sa wa farashi don an ga mutane sun matsu. Wanda ya fi wannan muni, kuma har yanzu ana yinsa a ɓoye: ɗan kasuwa ko mai gidan mai ya tara cinikin yini, ya kira mai POS ya ba shi dubu ɗari lakadan, shi kuma ya tura masa dubu ɗari da uku. Alhaji, wane aiki ka yi da za ka ci dubu ukun nan? Shi ne ma ya hutar da kai zuwa banki. Wannan sayar da naira ne da naira da ƙari, babu wata fassara da za ta wanke shi. Haka wanda zai ce wa mai POS, ba ni dubu ashirin yanzu, albashi na shiga in turo maka ashirin da biyu. Wannan rance ne da ƙari, ribar jahiliyya ce tsagwaronta, na'urar da ke kan tebur ba ta canja komai ba.

'Yan uwana masu wannan sana'a, yawancinku matasa ne da kuka ƙi zaman banza, Allah Ya yi muku albarka. Ku rubuta cajinku a allo kowa ya gani. Tsohuwar da ta miƙo muku kati ta faɗa muku lambar sirrinta don ba ta iya dannawa, amana ce ta ɗora muku. Abin da ta ce a cire shi za a cire, a ba ta risit, a kuma gaya mata gaskiyar abin da ya rage.

Game da alat na bogi ba na jin akwai Musulmin da ke buƙatar fatawa. Sata ce, an haɗa ta da ƙarya da yaudara, kuma galibi a kan masu ƙaramin ƙarfi take faɗawa, mai ƙosai da mai lemo da ɗan acaɓa, waɗanda ba su iya karanta abin da aka haska musu. Wanda na fi so in ja hankali a kansa shi ne mutumin kirki da ba ya nufin cuta. Ya sayi kaya, ya tura, wayarsa ta nuna kuɗi sun fita, ya ce ai ya fita a wajena, ya ɗauki kaya ya tafi. Sabis ya yi halinsa, bayan kwana biyu kuɗin suka dawo masa. Ya gani, ya yi shiru, yana cewa in mai kayan ya neme ni zan ba shi. Malam, wuyanka bai sauke ba. Biya yana tabbata ne idan kuɗi sun shiga asusun mai kaya ta yadda zai iya taɓa su. Kafin nan bashi ne a kanka, kai ne kuma za ka neme shi, tunda kai ka san sun dawo shi bai sani ba.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a wajen canji, kuma mu mutanen bakin iyaka ta fi shafa. Duk wanda ya san kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ko Kwangwalam, ko Babban Mutum, ya san naira da sefa tare suke kwana. Jinsi biyu ne, saboda haka fifiko ya halatta, a sayar yadda kasuwa ta kama. Abin da bai halatta ba shi ne jinkiri. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce shigar kuɗi cikin asusu yana tsayawa matsayin karɓa da hannu. To ɗan canji ya miƙa sefa, abokin ciniki ya tura naira, alat ya shigo suna tsaye, ciniki ya yi. Amma a ce karɓi sefar ka tafi, in na isa Daura da dare zan turo maka, wannan an rabu da sauran abu a tsakani, shi ne abin da aka hana. Idan sabis ya ƙi, mafita tana da sauƙi: a fasa canjin, ya karɓi sefar a matsayin rance zai mayar da sefa, ko kuma ranar biya su yi canji sabo da farashin ranar. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda yake sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, aka ba shi izini da sharaɗin farashin ranar da kuma kada a rabu da saura. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi, malaman hadisi sun yi magana a kan ɗaukaka shi zuwa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, amma malaman fiƙihu sun yi aiki da ma'anarsa. Dillalan shanu su lura: sayen sa da naira a biya bayan mako ba laifi, wannan bashin ciniki ne. Maganar a kan kuɗi da kuɗi take.

Kuɗin da suka shigo maka bisa kuskure fa? A wasu manhajojin lambar asusu ita ce lambar wayarka an cire sifilin farko, don haka lamba ɗaya ta kauce, kuɗin maganin wani sun faɗo wajenka. Wani ya ce mini ai tsintuwa ce. Ko tsintuwar ce, hukuncinta cigiya har shekara. Wannan kuwa ta fi tsintuwa sauƙi, sunan mai kuɗin yana rubuce a jikin alat ɗin. Ka sanar da kamfani ko banki a mayar ta hanyar da suka zo, wannan ya fi aminci, saboda akwai 'yan damfara da ke turo saƙon ƙarya su kira suna kuka a mayar musu. Ka tabbatar, sannan ka mayar. Kashe waya da cire layi ba ya goge komai a littafin da mala'iku ke rubutawa.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, ita ce ma dalilin wannan rubutu.

A da idan mutum ya rasu, dukiyarsa ana ganinta. Gona ga ta, shanu ga su, buhunan gero a rumbu, kuɗi a adaka ko ƙarƙashin katifa, a buɗe a gaban dattawa a ƙirga. Yau mutum zai rasu da asusu huɗu a waya ɗaya, matansa ba su sani ba, 'ya'yansa ƙanana ne. Wanda ya sani shi ne yaron shagonsa, ko ƙaninsa, ko babban ɗansa da yake danna masa waya. An kawo mini irin wannan ba sau ɗaya ba. Ana cikin wankan gawa wani ya zare wayar daga caji. Kafin a tashi daga zaman makoki an kwashe abin da ke ciki, wai an yi hidimar baƙi, wai dama marigayi ya ce in riƙe. Ranar rabon gado a kawo gida da gona, waya kuwa a kawo ta wayam.

Ku ji tsoron Allah. Daga lokacin da rai ya fita, kowace naira a asusun nan ta tashi daga mallakar mamaci. Za a yi masa sutura daga ciki, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa a cikin sulusi, saura na magada ne bisa kason da Allah Ya yanka da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Sanin lambar sirri ba ya mayar da kai magaji, wakilcin da ya ba ka yana raye ya ƙare da mutuwarsa. Idan akwai marayu a cikin magadan, aya ta 10 ta wannan sura ta gaya mana abin da mai cin dukiyarsu yake zuba wa cikinsa, wuta ce. Ko buhun shinkafar da za a dafa wa masu ta'aziyya ba a saye da kason maraya. Baligi ya ga dama ya yi daga nasa.

Akwai kuma wadda babu mai cin amana a ciki, amma haƙƙi ya salwanta. Ɗan kasuwa ne, mutane suna tura masa ajiya, wani ya turo kuɗin taki, wata ta turo na adashi, masallacin unguwa ma da asusunsa ake tara gudummawar gini. Duk sun cakuɗe da nasa a lamba ɗaya, lissafin yana kansa. Ya faɗi ya mutu. Magada suka raba da zuciya ɗaya, masu ajiya ba su da shaida, ko suna jin nauyin magana. Shi kuma yana can, hadisi ya tabbata cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Wani kuma babu wanda ya san da asusun sam. Layin ya daina aiki, bayan wani lokaci kamfanin waya ya sayar wa wani. Ka'idar da Babban Banki ya fitar a 2024 ta ce asusun da ya yi shekara goma ba a taɓa shi ba za a mayar da kuɗinsa wani asusu na musamman a hannunsa, magada suna iya nema. To wa zai nemi abin da bai san da shi ba? Marayu suna gida ana neman kuɗin makaranta.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Mu kuwa da an ce rubuta sai mu ce ana yi mana fatan mutuwa. Ka sami littafi na naira ɗari biyar. Ka rubuta sunan kowane banki da kowace manhaja da kake da asusu, da lambar asusun. Ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da abin da yake ajiya ce a wurinka. Kada ka rubuta lambar sirri a ciki, magada ba sa buƙatarta. Da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu za su karɓi haƙƙinsu ta ƙofa. Mutum biyu amintattu su san inda littafin yake, ɗaya daga cikinsu ya kasance a cikin gidanka. Duk ƙarshen wata ka gyara shi. Wannan littafin zai yi maka amfani tun kana raye, domin ranar da shekarar zakkarka ta cika sai ka haɗa abin da ke cikin asusun duka da na aljihu da kayan shago. In sun kai nisabi ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Rarraba kuɗi a manhaja huɗu ba ya rarraba nisabi.

Kuɗin masallaci da na ƙungiya da na marayu kuma a fitar da su daga asusun mutum ɗaya, ko da liman ne, ko da ni ne. A buɗe musu nasu da sa hannun mutum biyu ko uku.

Wanda kuma ya riga ya taɓa wayar mamaci, ƙofar gyara a buɗe take. Tarihin asusun yana nan, kamfani yana iya fitar da shi da kwanan wata da sa'a, ba sai ka dogara da tunaninka ba. Ka lissafa abin da ka cire tun daga ranar rasuwar, ka ware abin da ka kashe a sutura da biyan bashinsa na gaskiya, saura ka mayar cikin gado a sake rabo. Idan kana jin kunyar fuskantar iyalin, ka sami limamin unguwarku ko wani dattijo ya isar ba tare da ya ambaci sunanka ba. Idan ba ka da su yanzu, ka rubuta su bashi a kanka da shaidu biyu, ka fara biya da kason marayu.

Tambayoyin da aka turo a kan manhajojin ba da rance da na caca da kuɗin kirifto suna nan a ajiye, za mu ɗauke su a rubutu na gaba in Allah Ya yarda.

Wallahu a'alam.